Ozella Broadnax da Kujerar Shagona

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ozella Broadnax a gidanta da ke yammacin Baltimore, tana da shekara tamanin da uku. Ina tsaye a bakin murhu ɗanta Thaddeus ya bugo min waya, ya ce, "Miss Earline, Mama ta tafi gida." Na kashe wutar, na nemi wuri na zauna. Wanda ya ba mu aronta ya aiko a karɓa, ba mu da ta cewa sai godiya, don ya bar mana ita ta daɗe.

Jaridu sun faɗi nasu: littattafan yara talatin da huɗu, na waƙoƙin manya uku, da lambobin yabon da ta tara. Ban zo maimaita wannan ba. Sunana Earline Pettiford, gyaran gashi ne sana'ata, kuma shekara hamsin da ɗaya muka yi tare da ita. Abin da na sani ba a jarida yake ba.

Ozella, da ke zan yi maganar, don ban saba yi da ke a bayan idonki ba. Kin tafi kin bar min ɗawainiyar da ta fi ƙarfin tsohuwa irina. Kin sa an rubuta, kin sa hannu, cewa littafinki na ƙarshe ba zai je wurin bugawa ba sai na ce ya ci, in kuwa na ce ya faɗi, Thaddeus ya kulle shi a aljihun tebur har abada. Mutanen kamfanin buga littattafai suna ta bugo waya daga New York, ɗanki yana ta kallona kamar ni ce alƙalin kotu. Kafin in faɗi yadda ta kaya, bari mutane su ji yadda mai taje kai ta zama mai yanke wa marubuciya hukunci.

An haife ki a wani ƙauye na South Carolina, a gonar auduga da ba ta mahaifinki ba. Kina da shekara tara ya tattaro ku zuwa Baltimore, ya shiga masana'antar ƙarfe. A can ƙauye ba a barin irinmu baƙaƙen fata shiga ɗakin karatu na gari. A nan an bar ki kin shiga, kika karanta duk abin da ke kan kantar yara, kika rasa ko yarinya ɗaya mai kama da ke a ciki. Kin sha ba da wannan labari a makarantu, kullum kuma kina ƙarasa shi da dariya, ki ce kin yi ta jiran wani ya gyara abin har kika gaji. Kika girma, kika kama aikin rarraba wasiƙu a gidan waya, kina rubuta waƙoƙi masu zafi kan halin da muke ciki a lokacin, kina karanta su a ɗakunan taro na coci-coci. Littafinki na farko na manya ya fito a 1971. Waɗanda suka saye shi ba za su cika benci biyu ba, ni ma ban saya ba.

Wata Asabar a 1974 kika shigo shagona a miƙe miki gashi. Na zaunar da ke kina jira, ina fama da wata 'yar shekara biyar mai suna Lavonne, wadda da ta hango mataji take fara ihu. An wanke mata kai, gashin ya cukurkuɗe, uwarta ta danne ƙafafunta, ni ina ta gumi. Ke kuma, da nufin taimako, kika miƙe tsaye kika fara rera mata ɗaya daga cikin waƙoƙin nan naki na gwagwarmaya, har da ɗaga hannu sama. Yarinya ta ƙara murya. Ban san ki ba a lokacin, kuma bakina bai taɓa iya jira ba. Na ce, "Baiwar Allah, in waƙarki ba za ta rufe bakin 'yar shekara biyar ba, ki taimaka ki rufe naki."

Kika ɗauki jakarki kika fita ba a taɓa kanki ba. Na ce a raina na kori mai kawo min aiki, shi ke nan. Asabar ta zagayo sai ga ki da takarda a hannu, kina tambaya ko yarinyar nan mai ihu za ta zo. Waƙa ce kika rubuta kan dokin mai tallan kankana a keken doki, dokin da ya tsaya a tsakiyar titi ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba sai an yanka masa tasa. Lavonne ta yi shiru har rabi, sannan ta tuna ana taje mata kai. Kika sa jan fensir kika yi alama a daidai wurin. A Asabar ta uku ne na taje kan nan tun daga ƙeya har goshi yarinyar ba ta ce uffan ba, sai da kika kai ƙarshe ta juyo ta tambaye ki ko dokin ya bar wa mai keken ko yanki ɗaya. Wannan ne ya zama littafinki na farko na yara, bayan kamfani biyar sun dawo miki da shi, ɗaya har da wasiƙa mai ladabi cewa iyayen yara irin namu ba sa sayen littafi. Yau jikokin waɗancan yaran ne suke haddace shi.

Daga nan muka kafa doka, kuma ba mu taɓa canza ta ba. Duk littafin da kika rubuta, kafin wani ya gan shi, sai an karanta shi ga yarinyar da ke kan kujerata, a lokacin tajewa bayan wanki, don nan ne zafin yake. Ni nake zaɓen yarinyar, kuma mafi raki nake zaɓa. Ba a gaya mata komai, ba a ba ta alewa, uwarta tana jira a waje. Mataji ya shiga, karatu ya fara. Mataji ya tsaya, karatu ya tsaya. Duk inda ta noƙe wuya, ko ta ce za ta sha ruwa, ko ta tambayi saura nawa, sai in ce, "Nan," ke kuma ki ja jan fensir. Littafi bakwai kujerar nan ta kashe. Ɗaya daga cikinsu kin yi shekara biyu a kansa, kuma ni kaina na san yana da kyau, amma yarinya uku a jere suka nemi zuwa banɗaki a shafi na huɗu. Kin yi wata guda ba ki gaishe ni a coci ba, kika koma wani shago, suka ƙona miki kunne, kika dawo.

Ina tuna ranar da wata babbar ma'aikaciyar kamfanin ta gaji da jin cewa littafi ya makara saboda wata Earline ba ta yarda ba. Ta hau jirgin ƙasa ta zo da kanta, da takalminta mai tsini, ta ga ko wace ce wannan Earline. Kika gabatar da ni a matsayin shugabar sashen bincikenki, ko murmushi ba ki yi ba. Na miƙa mata kwalbar man gashi na ce ta riƙe min. Ta tsaya nan riƙe da kwalba tana kallon wata 'yar ƙanƙanuwa tana watsi da shafin da ta fi so a littafin. Da za ta tafi ta tambaye ni, cikin natsuwa, ko zan yarda a riƙa aiko min da littattafan wasu marubutan. Ke kika amsa mata, kika ce kujerar ta riga ta yi aure.

Haka kuma da mai zanen hoto na farko ya kawo aikinsa, na duba kan yaran na ga ba tsaga, ba kitso, ba kalba, wani baƙin dunƙule kawai ya ɗora musu. Na ce babu uwar da za ta bar 'yarta ta fita haka ranar Lahadi. Kika sa shi ya zo ya zauna a shagona Asabar huɗu da takardarsa, mata suna ta tsokanarsa, har ya iya bambanta kitson makaranta da na zuwa coci. Bayan littafin ya fito, yara suka riƙa zuwa min da shi a buɗe, su nuna shafi su ce irin wannan suke so. Ban taɓa ganin kin yi farin ciki da wata lambar yabo kamar yadda kika yi da wannan ba.

Alherinki ba mai surutu ba ne. Shekarun da kika yi a gidan waya sun bar miki wani hali: ba ki iya ganin wasiƙa ta kwana ba amsa. Duk yaron da ya rubuto miki, ko layi biyu ne da fensir mai launi, sai kin mayar masa da hannunki, har ki haɗa masa da 'yar waƙa mai sunansa a ciki. Na san manyan mutane masu furfura da ke ajiye da tasu har yau. Shekara ashirin kina zuwa gidan yarin mata duk wata, kina koya wa iyaye mata yadda za su karanta littafi da murya mai daɗi a ɗauka a kaset a kai wa 'ya'yansu. Ba ki taɓa bari a sa wannan a jarida ba, kuma ga shi na faɗa, sai ki zo ki hana ni. Da mijinki Cleophus ya rasu a 2009 kika ajiye alƙalami shekara biyu cur. Duk da haka ba ki fasa zuwa ranar Asabar ba, ki zauna a kusurwa da hannu a cinya. Ni kuwa sai na riƙa jera miki yara masu raki ɗaya bayan ɗaya, har ranar da kika kasa jurewa kika ce, "Earline, wannan kukan zai kashe ni, ba ni takarda."

Shekara uku da suka wuce idonki ya tafi. Kika koma tsara waƙa a ka, ki haddace, Thaddeus ya rubuta. Ni ma na rufe shago sai ranar Asabar, don yatsuna sun fara gardama. Karatu bai gagare ki ba tunda da ka kike yi, amma ba ki ganin yarinyar, saboda haka komai ya koma kan kalmata.

A watan Fabrairu, bayan likita ya gaya miki abin da ya gaya miki, Thaddeus ya turo ki shagon a keken marasa lafiya da littafin ƙarshe. Labarin wata yarinya ne da kakarta mai saurin tafiya. Duk inda za su, coci ko kasuwa, kakar tana gaba, yarinyar tana baya tana haki, amma a kowace kwana kakar takan tsaya ta jira ta. Wata rana ta sha kwana, yarinyar ta iso ba ta same ta ba. Na zaɓi Daija, jikar maƙwabciyata, 'yar shekara shida, wadda a duk shekarun nan ban ga mai rakinta ba. Tun daga farko har inda kakar ta ɓace yarinyar ko numfashi ba ta yi da ƙarfi. Daga nan sai littafin ya shiga shafi uku na lallashi, mala'iku da fararen tufafi da bayanin cewa kada kowa ya yi kuka. Daija ta noƙe wuya, ta murɗa, ta fara wasa da ƙafa. Na buɗe baki zan ce "Nan," na dube ki, na ga yadda rigarki ta yi miki yawa, na haɗiye. Da kika gama na ce ya ci.

Ban taɓa yi miki ƙarya ba sai ranar, kuma ko minti ɗaya ba ta yi ba. Kika bari aka fita da yarinyar, sannan kika juyo da fuskarki inda nake.

"Earline, tun yaushe na ce ki sa wa kujerar nan mai?"

Na ce ban san abin da ya kawo maganar mai ba.

"Kujerar ta yi ƙara sau uku, Earline. Makauniya ce ni, ba kurma ba. Shekara hamsin kina cin mutuncina kyauta, sai yau da na fi bukata za ki ji tausayina?"

Kunya ta rufe ni, na fara kuka. Ke kuwa dariya kika yi ta yi har tari ya sarƙe ki. Da kika huta kika ce yarinyar ta fi mu gaskiya, waɗancan shafuka ukun ba don ita kika rubuta su ba, don kanki ne, saboda kina jin tsoro. Ban taɓa jin kin ce kina tsoron wani abu ba. Washegari kika sa aka rubuta takardar nan da ta ɗaure ni, kuma na san dalili: kin so ki tabbata ba zan ƙara ba.

Mako uku kika yi kina gyara, kina kwance, layi ɗaya ko biyu a yini. Thaddeus ya ce wani lokaci sai ya ɗauka barci ya ɗauke ki, sai ya ji kin ce ya goge kalmar da ya rubuta ɗazu. Ranar Litinin kika gama, kika aiko min cewa in tanadi Daija ranar Asabar, in kuma bar kujerar yadda take. Ranar Talata kika tafi.

Asabar ɗin na buɗe shago. Wasu sun ce bai dace ba, ba a ko yi jana'iza ba, na ce su bar ni da ƙawata. Thaddeus ne ya karanta, kuma ki yafe min, Ozella, ɗanki bai gaji muryarki ba. Shekara talatin yana tuƙa bas, haka yake karatu kamar yana sanar da tasha ta gaba. Na ce a raina in littafin ya tsira daga wannan murya, ba abin da zai kayar da shi. Na wanke kan Daija, na sa mataji a ƙeya, ya fara. Muka bi kaka da jika kwana bayan kwana, muka iso inda kakar ta ɓace. Mala'ikun sun tafi duka. Ga abin da kika sa a madadinsu:

Na tsaya a kwanar, na ƙirga goma,
Na sake ƙirgawa, ba ta dawo ba.
Sai ƙafata ta dama ta ce wa ta hagu,
Ai mun san hanyar nan, mu je.
Gidan mai kare, mu bi ta nesa,
Shagon burodi, mu gaida mai shi.
Ban san na iya sauri haka ba,
Kaka, ashe koya min kike yi.

Ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba. Na daina ganin kan da ke gabana, mataji yana maƙale a tsakiyar gashi, ni ina tsaye hawaye na zuba. Thaddeus ya san doka, da ya ga mataji ya tsaya sai ya yi shiru, saura shafi biyu. Daija ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannu ta baya, ta laluba ta kama wuyan hannuna, ta danna shi a kanta.

"Miss Earline, ki ci gaba da tajewa mana. In kin tsaya shi ma tsayawa yake yi."

Na ci gaba. Yarinyar da ake kamawa da mutum biyu ta zauna har ƙarshe, kujerar kuma ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Ban gaya wa Thaddeus komai ba a ranar, don ke ya kamata ki fara ji. Ranar Litinin da safe na ɗauki jakata na tafi gidan da ake shirya mamata in gyara miki gashi, kamar yadda na yi wa mahaifiyarki da yayarki, don ba zan bari baƙon hannu ya taɓa kanki ba. Na yi miki tsagar gefe da kike so, na naɗe bayan, ina yi ina ba ki labari tun daga farko. Na gaya miki matajin ya tsaya, ban ɓoye ba. Na kuma gaya miki dokarmu ta yi maganar yarinyar da ta motsa, ba ta ce komai kan tsohuwar da ta kasa riƙe kanta ba. Na jira ki yi gardama kamar yadda kika saba. Karo na farko ke nan da kika bar min magana ta ƙarshe, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Washegari muka raka ki. Cocin ya cika har waje, mawaƙa suka yi waƙa har bene yana rawa, aka ci soyayyar kaza da ganye da kek ɗin dankali, aka yi dariya fiye da kuka, yadda za ki so. Da fasto ya ce duk wadda aka taɓa karanta mata littafi a kan kujerar Sista Earline ta miƙe, mata fiye da arba'in suka tashi, wasu da jikoki a hannu. A ranar ne yawancinsu suka san aikin da suka yi miki.

Allah ya jiƙan ki, Ozella. Ya yafe miki kurakuranki, ya karɓe ki da hannu biyu, ya mayar miki da ganinki, ya sada ki da Cleophus da iyayenki cikin salama. Tsoron da kika ji, ya musanya miki shi da hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Thaddeus da matarsa Corliss, da jikokinki huɗu, da ƙanwarki Arzella da ke can gida South Carolina, da jama'ar cocinmu, da dukan yaran da suka rubuto miki wasiƙa a makonnin nan suna jiran amsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu ma mu gama namu aikin kafin a kira mu.

Kai kuma Thaddeus, ka yi haƙuri da ni, na bar ka kana jira. Ka buɗe aljihun teburin, ka aika musu da littafin mahaifiyarka. Ya ci, kuma wannan karon gaskiya na faɗa.